Gawa Mai Lamba Tara

SHAFI NA 12

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo suna cewa na bar Kulsumi tsaye a ƙofar ofis kwana huɗu, na gani. Ku yi haƙuri, ita ma haƙurin take yi.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Ruwan da ya ci bakin gulbi a Argungu ƙarshen damina ya tafi da Ɗantsoho masunci, mijin Kulsumi, yana cikin fitar da mutane a kwale-kwale. Ba a gan shi ba, ba a ga gawa ba. Da ta je gaban alƙali don ta san matsayinta, sai aka ce Hukumar Agajin Kwarin Rima ta tabbatar yana da rai, har yana karɓar kayan agaji. Gari ya ɗauka cewa guduwa ya yi ya bar ta da 'ya. Kawunta Munzali, tsohon direban babbar mota, shi ya sa aka rubuta wa hukumar takardar neman a nuna musu rajista. Doka ta ce a amsa cikin kwana bakwai.

Yau kwana arba'in da ɗaya.

*

Tun daga bakin ƙofar ofishin hukumar a Birnin Kebbi Munzali ya san bai yi kuskuren rana ba.

An wanke motoci. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Maigadin da kullum yake cikin silifas yau ya sa takalmi sau-ciki, yana tafiya kamar wanda ya taka ƙaya. Wani direban hukumar ne ya tsegunta masa a teburin mai shayi cewa manyan baƙi za su zo daga Abuja da azahar.

Munzali ya shiga da tabarma a hammata, buta a hannu. Kulsumi na bayansa, ta goya Munira.

Malam Abbas, mai kula da takardu, ya ɗago kai ya gan su. Fuskarsa ta canza.

"Baba, ai na gaya muku oga bai sa hannu ba."

"Ka hwaɗi."

"Fayil ɗin yana sama."

"Wancan mako ka ce yana ƙasa."

"An mayar da shi sama."

"To, Allah shi sauko da shi lahiya."

Ya warware tabarmar a tsakiyar baranda, daidai inda aka shimfiɗa jan kafet na baƙi. Ya ajiye buta. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Zauna, ɗiyata. Sauke yarinya ta sha iska."

Abbas ya miƙe tsaye.

"Haba Baba! Nan hanya ce fa!"

"Shekara talatin ina kwana bisa hanya, yaro. Ba ta taɓa yi min komi ba."

Suna cikin haka sai ga Nneoma. Ita ce 'yar marigayi abokin Munzali mai sayar da kayan gyaran mota. A Birnin Kebbi aka haife ta, tana da shagon buga takardu a unguwar Gesse, kuma ita ta rubuta musu wasiƙar. Ta zaro kwafinta daga jaka ta ɗora a teburin Abbas, ta sa yatsa a kan hatimi.

"Malam Abbas, wanga hatimin wa na?"

"Namu ne."

"Wanga sa hannu hwa?"

"Madam, na sha gaya miki. Dokar nan ta tarayya ce. Mu nan ba ta hau kanmu ba."

"Madalla. Rubuta min haka."

"Me?"

"Rubuta. Ka ce doka ba ta hau kanku ba, ka sa hannu, ka buga hatimi. Yanzu mu naɗe tabarma."

Abbas ya dubi biro, ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da rabi.

Munzali ya yi gyaran murya.

"Na ji an ce baƙi ka zuwa. Na ce bari in tsaya in gaishe su, kada su ce mutanen Kabi ba su da tarbiyya."

"Baba, ba sa jin Hausa."

"Ni ma ba ni jin Turanci. Amma na iya kuka. Ita wagga kuma ta iya hwassara."

Wata ma'aikaciya da ke goge taga ta ƙunshe dariya.

Abbas ya rage murya.

"So kake a kore ni daga aiki?"

"So nike ɗiyar ƙanwata ta san ko ita matar aure ta, ko mai takaba. Wata huɗu ba ta san kanta ba. Kai ka san kanka. Hau sama."

Ya hau.

Ya daɗe. Munira ta yi kuka ta gaji ta yi barci. An fara jin jiniya daga nesa lokacin da ya sauko da gudu-gudu, riƙe da babbar ambulan mai ruwan ƙasa.

"Ga shi. Rajista uku, duk abin da kuka nema. Sa hannu a nan."

"Ban yi boko ba."

Abbas ya turo masa tawada. Munzali ya danna babban yatsansa na dama, ya dangwala a takarda. Ya ɗago yatsan ya dube shi, ya yi shuɗi har cikin farce.

Abbas bai saki ambulan ɗin nan take ba.

"Baba."

"Na'am."

"Ni dai ba ni na rubuta komai a ciki ba. Ajiya kawai nake yi."

"Ka karanta?"

Abbas ya kau da kai.

"Ku naɗe tabarmar, don Allah."

*

A shagonta na Gesse, Nneoma ta sallami mai jiran a buga masa takarda, ta turo ƙofa, ta kashe rediyo. Ta sa tabarau. Takardun duk da Turanci suke, ita kaɗai ce idonsu.

"Ta hwarko, rajistar waɗanda sunka ɓace."

Ta bi da yatsa. Ta juya shafi. Ta koma baya.

"Babu sunanai."

"Akwai," in ji Kulsumi. "Ni da kaina na tsaya layi a makarantar da anka tara mu. Har lambar gida anka ɗauka."

"Lamba nawa?"

"Sittin da biyu."

Nneoma ta samo layin. Ta karanta, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Mi anka rubuta?" in ji Munzali.

"An rubuta sunan Kulsumi, mai kawo rahoto. Wurin sunan wanda ya ɓace an rubuta: wani tsoho, ba a san sunansa ba."

"Wane tsoho?"

"Haka anka sa. Tsoho, ƙaramin jiki."

"Shekarunai talatin da huɗu, Madam!" in ji Kulsumi. "Ko hurhura ɗaya babu ga kainai!"

"Tsaya," in ji Munzali. "Ranar nan, wa yar rubuta?"

"Wata 'yar bautar ƙasa. Ba ta jin Hausa. Wani ka maida mata."

"Da tat tambaye ki sunan mijinki, mi kic ce?"

Kulsumi ta sunkuyar da kai.

"Kawu, cikin mutane? Ga Inna tsaye kusa da ni?"

"Mi kic ce?"

"Na ce Baban Munira. Ta ce suna taka so. Na yi shiru. Sai Inna tac ce, Ɗantsoho."

Munzali ya rufe ido.

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun gane. Mace ba ta kiran sunan miji. Inna Hamida, uwar Ɗantsoho, ita ma ba ta iya kiran sunansa na yanka, don sunan surukinta ne aka mayar masa, shi ya sa tun yana cikin zane ake ce masa Ɗantsoho. Mata biyu suka tsaya a gaban teburi, kowace da kunyarta. Mai fassara ya ji "ɗan tsoho", ya juya wa yarinya da Turanci yadda ya ji. Ita kuma ta rubuta.

"Wata huɗu," in ji Munzali a hankali, "in ma sun nema, tsoho sunka nema."

Nneoma ta ajiye ta farko. Ta jawo ta biyu.

"Wagga ta masu karɓar kaya ta. Gida na sittin da biyu. Maigida: Muhyiddeen Sa'idu."

Kulsumi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Wa na wanga kuma?" in ji Munzali.

Kulsumi ta ƙara jan mayafin.

Sai ya tuna. Sau ɗaya ya taɓa jin sunan, ranar ɗaurin aure, da liman ya faɗa. Ko abokan kamun kifin Ɗantsoho, ka tsayar da su a bakin gulbi ka ce ina Muhyiddeen, sai su ce ba su san shi ba.

"Ci gaba, ɗiyata."

"Yana da rai, in ji su. Ya zo da kainai duk wata. Ga dangwalenai nan a jere. Na ƙarshe yau da sahe ma ya kamata, Laraba aka rabo a Argungu."

"Juyo min in gani."

Ta juyo masa takardar. Bai iya karatu ba, amma ya san yatsa. Ga su nan, shuɗɗa, manya, cikakku. Ya ɗago nasa yatsan mai tawada ya ajiye kusa da su.

"Wane hannu anka ce a dangwala?"

"A sama an rubuta: babban yatsan dama."

Kulsumi ta sauke mayafin.

"Ba shi da shi."

Nneoma ta dube ta.

"Babban yatsan dama. Ba shi da shi. Belin injin ban-ruwa ya cire mishi tun kahin aurenmu. Da yatsa huɗu yaka cin tuwo."

Munzali ya sake duban dangwalen.

"To ba guduwa yay yi ba," in ji Kulsumi. "Kawu, ka ji? Ba shi ka karɓa ba. Ba guduwa yay yi ba!"

Har ta fara murmushi. Munzali bai taya ta ba. Idonsa na kan takarda ta uku, wadda Nneoma ta dafe da tafin hannu.

"Ta mi ce waccan?"

"Baba, ko Kulsumi ta ɗan hita ta sha ruwa?"

"Ba ni hita," in ji Kulsumi.

"Gawawwakin da anka tsinta, ba a san masu su ba."

"Karanta," in ji Munzali.

Nneoma ta fara. Lamba ɗaya, mace. Lamba biyu, yaro. Lamba uku, yaro. Tana yi tana tsallakewa. Ta zo wani layi ta tsaya.

"Lamba tara."

Ta gyara tabarau.

"Namiji. Tsakanin talatin da arba'in. An same shi kwana uku bayan ruwa, ya maƙale cikin shinkahwa a Tungar Lalle, ƙasa da Argungu. Zoben azurhwa ga hannun hagu."

Ta ɗago ta dubi Kulsumi.

"Ƙarasa, Madam," in ji Kulsumi.

"Hannun dama, babu babban yatsa. Tsohon rauni."

Kulsumi ba ta yi ihu ba. Ta gyara wa Munira kwanciya a cinya, ta kore mata ƙuda.

"An rubuta riga?"

"Shuɗiya. Mai gajeren hannu."

"Ni na wanke ta. Ba ta ida bushewa ba yas sa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Munzali. Ya maimaita har sau uku.

"An rufe shi ranar, a maƙabartar tungar," in ji Nneoma. "A gefe an rubuta: ba a haɗa shi da rahoton gida na sittin da biyu ba, don wancan tsoho ne."

Kulsumi ta sa bayan hannu ta fara goge idonta. Ba hawaye take gogewa ba, kwalli ne. Ta cire ɗan kunne ɗaya, ta cire ɗayan, ta ajiye a kan tebur.

"Kawu, kai ni gida in shiga takaba."

Munzali bai motsa ba.

"Madam, ranar da anka same shi, wace rana ta?"

Ta faɗa masa. Ya fara lanƙwasa yatsu, wata-wata, yana motsa baki. Ya gama, ya sake daga farko. Ya sake na uku.

"Kawu?"

"Kin tuna abin da alƙali yac ce muna?"

"Ya hwaɗi abubuwa da yawa."

"Ya ce in ta tabbata mutuwa ta, daga ranar mutuwa aka ƙirga. Ba daga ranar da anka ji ba."

"To?"

"Wata huɗu da kwana goma, Kulsumi. Sun cika. Yau kwana shida."

Ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana.

"Ban yi ba ai."

"Na sani."

"Ko kwana ɗaya ban yi mishi ba."

"Na sani, ɗiyata."

"Sun ce min yana da rai! Na sa kwalli, Kawu. Na sa lalle na tahi sunan gidan maƙwabta. Har na zage shi cikin raina, na ce ya bar ni da ɗiya. Yana cikin ƙasa ina zagi nai!"

Nneoma ta dubi kwafin wasiƙar da ke gefe, ta dubi ranar da ke jikin hatimi. Ta yi nata lissafin.

"Da sun amsa cikin kwana bakwai," in ji ta, "da kin samu kusan wata guda."

Sai a lokacin kukan ya zo. Munira ta farka ta kama nata.

Munzali ya bar su suka yi. Ya ga irin wannan a hanya ba sau ɗaya ba, ya san ba a tare shi. Sai da ya lafa ya matso kusa da Nneoma.

"Wa ka tsaya ma mai dangwale shaida? Ba a ba mutum kaya sai da shaida."

Ta duba.

"Tamba Sa'idu."

Tamba shi ne yayan Ɗantsoho, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun bayan ruwa shi ke riƙe da gidan. Duk wata yakan kawo wa Kulsumi shinkafa a bayan babur, ya ce daga guminsa ne. Shi ne kuma ya yi ta cewa a bar zancen takarda, talaka ba ya ja da hukuma.

"Akwai saura," in ji Nneoma. "Cikin ta gawawwaki, layi na ƙarshe: wanda ya zo dubawa."

"Lamba tara, wa yaz zo?"

Ba ta karanta ba. Ta ɗora yatsa a kan suna a wannan takarda, ta ɗora wani a kan sunan shaida a waccan. Munzali ya duba. Zanen iri ɗaya ne.

"Mi yac ce da yag gani?"

"An rubuta: ya duba, ya ce ba nasu ba ne."

Munzali ya mayar da hula kansa.

"Ɗauko ɗiyarki. Mu kama mota."

*

Ana kiran la'asar suka sauka Argungu.

Babur ɗin Tamba na ƙofar gida, inji bai huce ba. Shi kuma yana tsakar gida, ya jingina buhun shinkafa da bangon ɗakin Kulsumi, yana kaɗe riga. Labulen ɗakin Inna Hamida a sake.

"A'a, Kawu! Sannunku da hanya. Yau ma sun ce a dawo ko? Ai na hwaɗa muku."

"Sun ce a dawo," in ji Munzali. "Zo mu gaisa."

Tamba ya miƙo hannu biyu yana rusunawa. Munzali ya kama na daman, bai saki ba. Ya juya shi, ya ɗaga babban yatsan zuwa haske.

An wanke, an goge da toka ma. Amma a gefen farce shuɗin na nan.

Munzali ya jera nasa kusa da shi.

"Ni na san inda nis samo nawa. Kai hwa?"

"Kawu, wanga ai... wurin taki na. Ƙungiyar manoma."

"Laraba aka rabon taki?"

"Wallahi..."

"Kada ka rantse. Ga buhu nan, juya shi mu ga bayanai."

Tamba bai juya ba. An sauya buhu, amma zaren ɗinkin bakin na hukuma ne, kore da fari.

Munzali ya zaro ambulan daga cikin riga.

"Sun ba mu."

Tamba ya dubi ambulan ɗin. Ya dafa bango.

"Dut?"

"Har da Tungar Lalle."

"Kawu, don Allah rage murya. Inna na ciki."

"Yanzu kas san da Inna?"

Kulsumi ta sauke Munira, ta tako har gabansa. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Yau ta duba.

"Yaya."

"Innar Munira, ki tsaya ki ji."

"Ka gane shi?"

"Ruwa ya ɓata huska, ba kowa ka iya..."

"Hannu hwa? Ruwa ya ɓata hannu?"

Ya dubi ƙasa.

"Ka ga hannun?"

"Na gani."

"Ka ce ba naku na ba."

"Na ce."

"Muhyiddeen?"

Sunan ya fito daga bakinta ya tsaya a tsakar gida. Shekara bakwai da aure, yau ta fara faɗarsa. Tamba ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Muhyiddeen kad duba kac ce ba ka san shi ba? Wanda ka goya?"

"Na yi mishi salla!" in ji Tamba, muryarsa ta fashe. "Ina sahun gaba! Ni na kama kai da anka sa shi cikin rami. Na sa alama, na kahwa icce. Duk Juma'a ina zuwa."

"Kai kaɗai."

"Ni kaɗai."

"Kana dawowa ka ce min in yi haƙuri, an gane shi a tashar Yawuri."

"Mi kike so in yi? Gona ta tahi. Jirgi ya tahi. Rumbu ya narke. Na tambaya a wurin, an ce maigida mai rai aka ba kaya. In ya mutu sai a buɗe wani hwayil, a jira. Kin ga matan da sunka jira? Har yau suna jira! Katinai mai sunan yanka na hannuna, ba wanda yas san sunan sai mu. Na ce bari yara su ci tukuna, in ruwa ya janye in hwaɗi. Wata ya zo, na kasa. Wani ya zo, na kasa."

"Ka sayar da gawar ƙanenka da shinkahwa," in ji Munzali.

"Ban ci ko ƙwaya ba, Kawu! Ga inda taka zuwa!" Ya nuna ɗakin Kulsumi. "Ita da ɗiyarta sunka ci!"

Kulsumi ta juya ta dubi buhun. Ta dubi tukunyar da ke kife a bakin murhu. Ta sa hannu ta dafe ciki.

Ta durƙusa a bakin magudana, amai ya zo mata, babu komai a cikin sai ruwa.

Da ta ɗago, ta kama bakin buhun da hannu biyu ta fara ja. Ya fi ƙarfinta. Ta ja har ɗinkin ya ɓalle, shinkafa ta zube a ƙasa, kaji suka taso.

"Takabata ta wuce, Yaya. Ka sani?"

Ya dube ta.

"Ta cika ban yi ba. Ka ƙirga?"

Daga yadda ya buɗe baki ya rufe, Munzali ya gane bai taɓa ƙirgawa ba.

"Gobe da sahe," in ji Munzali, "za ka ɗauke mu ka kai mu inda ka kahwa iccen. Daga can mu wuce gun alƙali, ka maimaita abin da kac ce nan. A goge ma mamaci sunan gudu."

"Za su kama ni, Kawu."

"Su kama."

"Inna hwa?" in ji Kulsumi, tana share baki da gefen mayafi. Har yanzu tausayin tsohuwar take ji. "Kullum tana aje mishi tuwo cikin kwano ta ruhe. Wa ka hwaɗa mata? Kawu, kada ta ji haka kwatsam, zuciyatta ba ta ɗauka."

Tamba ya sunkuyar da kai. Bai ce komai ba.

Munzali ya lura da wannan shirun. Bai yi masa daɗi ba.

Sai labule ya motsa.

Inna Hamida ta fito tana dafa bango, carbi a wuya. Ba ta dubi shinkafar da ke ƙasa ba. Ba ta dubi Tamba ba. Ta zo ta zauna a kan turmin da ke kife, ta jawo gefen zaninta, ta fara kwance wani ƙulli da haƙori.

"Inna, koma ciki," in ji Kulsumi. "Ba komi, buhu na yaɓ ɓalle."

Ƙullin ya kwance.

Tsohuwar ta buɗe tafin hannu.

Zoben azurfa ne. Kulsumi ta san shi, ta san har inda ya lotse.

"Ƙyale shi, Munzali," in ji Inna Hamida. "Tun ranar ya kawo min wanga. Ni nic ce ya koma ya bar maganar yadda yab bar ta."

Kulsumi ta kafe zoben da ido.

"Tuwon hwa?" in ji Munzali. "Tuwon da kika ajewa?"

"Don ita nika ajewa. Ta gani."

Ta rufe hannunta a kan zoben, ta ɗago ido ta dubi surukarta.

"Kin kira sunan da ni ban taɓa kira ba. To zauna, Kulsumi. Akwai abin da mijinki yac ce min kahin shi shiga jirgi, kuma ba shi cikin takardarku."